Tambaya da amsa: Wai ya 'yan Firimason ke tantance mutum kafin su karɓe shi?

Tambaya: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni ina aiki ne a wani asibiti a Ingila, akwai wani dattijon Bature da muke shiri sosai, kwanaki yake ce min shi ɗan ƙungiyar Firimason ne har ya gayyace ni liyafar cin abinci a loj ɗinsu, wato reshen ƙungiyar inda suke taro, wai ranar ana zuwa da baƙi. Ni dai a gida abin da na taso na ji ƙungiyar asiri ce ta shan jini, ga ƙanena kullum ana turo masa saƙo a WhatsApp wai ya biya kuɗin rajista ya shiga ya yi arziki. Dan Allah ya ake shiga abin nan a gaskiya, me suke dubawa a jikin mutum, kuma in na je liyafar na shiga kenan?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya taimaka. Bari in fara da ta ƙarshen tunda ita ce mai sauƙi. A'a, zuwa cin abinci bai maida kai ɗan ƙungiya ba. Loj-loj ɗin Ingila sun saba yin irin wannan liyafar da ake zuwa da mata da abokai, a ci a sha a tara kuɗin taimako kowa ya kama gabansa, ba rantsuwa ba sa hannu a takarda. Amma kar in ɓoye maka, a irin wannan zaman ne suke fara ƙare wa mutum kallo, su ji ya yake magana, ya yake da jama'a, in ka ci ka tafi ba ka sake waiwayarsu ba shikenan babu mai biyo ka gida.

Shi kuwa ƙanenka ka ce masa ya riƙe kuɗinsa, 'yan damfara ne kawai. Mafi yawan saƙonnin nan da sunan Iluminati ake turo su, ita kuma wannan ƙungiyar wani malamin shari'a mai suna Adam Weishaupt ne ya kafa ta a Bavariya ta ƙasar Jamus ranar 1 ga Mayu 1776, ba ta yi shekara goma cikakku ba gwamnatin yankin ta haramta ta a 1784 da 1785, ta watse. Ba ta da ofis ba ta da lambar waya. Su kuma Firimason na gaske ba su ɗaukar mutum ta waya, ba su ba sabon shiga ko sisi, kai ne ma za ka riƙa biya, kuɗin shiga daban, kuɗin shekara daban, kuɗin abincin kowane zama daban, ga faranti da ake zagayawa da shi na sadaka. Duk wanda ya ce maka turo kuɗi ka samu mota da gida toh ka san da wa kake magana.

Yanzu ga yadda abin yake. Tsarin da ake bi yau ya samo asali ne daga Landan, inda loj huɗu suka haɗu a wata mashaya kusa da cocin St Paul ranar 24 ga Yuni 1717 suka kafa Babbar Loj ta farko, wato uwar ƙungiya mai kula da sauran loj-loj, kuma suna danganta kansu da ƙungiyoyin magina masu sassaƙa dutse na da, shi ya sa komai nasu guduma ne da rula da sikwaya da kamfas. A 1723 wani limamin coci ɗan Sikotilan, James Anderson, ya rubuta musu kundin dokoki, kuma abin mamaki kusan duk tantancewar da ake yi yanzu tana cikin wannan kundin: sai namiji, ɗa ba bawa ba, mai hankali da shekaru, wanda ba a san shi da abin kunya ba, kuma dole a sanar da loj wata guda kafin a karɓe shi saboda a samu lokacin bincika halinsa, sannan sai duk waɗanda ke zaune sun amince. Lokacin shekara 25 suka sa, daga baya ta koma 21, yanzu a Ingila 18 ne, a Amurka kuma ya danganta da jiha, wasu 18 wasu 21. Maganar sai wanda aka haifa ɗa ma Ingila ta sassauta ta a 1847 bayan an 'yanta bayi a ƙasashen da take mulka, aka ce ya isa mutum ya kasance mai 'yancin kansa a lokacin da yake nema.

Sharaɗin da ba sa wasa da shi a ɓangaren Ingila da Amurka shi ne imani da Mahalicci. Ba ruwansu da wane addini kake, Kirista ko Musulmi ko Bayahude ko Hindu, amma in ka ce ba ka yarda akwai Allah ba maganar ta ƙare a nan. Mata kuma ba sa shiga Babbar Loj ta Ingila, suna da nasu guda biyu daban da aka kafa a 1908 da 1913.

Abu na biyu da mutane ba su cika sani ba, a al'adarsu kai ne za ka nema, ba su za su neme ka ba. A daren shigarwa ma sai an tambayi mutum a gaban kowa ko ya zo ne da ra'ayin kansa, ba matsin abokai ba kuma ba kwaɗayin abin duniya ba, ya amsa da bakinsa. Shi ya sa za ka ga dattijon nan naka zai ta zagaye-zagaye, ya nuna maka hoton taronsu, ya ba ka labarin kuɗin da suka tara wa asibiti, amma da wuya ya fito ya ce zo ka shiga, jira yake kai ka buɗe baki. Kodayake yanzu da mambobi suka ragu sun sassauta sosai, har fom ake cikewa a intanet a ce ina sha'awa, sai dai shi wannan fom ɗin gaisuwa ce kawai, abin da zai biyo baya shi ne a kira ka shan shayi ido da ido.

In mutum ya nema, a Ingila sai ya samu mutum biyu cikin loj ɗin, ɗaya ya gabatar da shi ɗaya ya mara baya, kuma su biyun nan mutuncinsu suka ɗora a kai, in ya zo ya zama ɗan rigima ko ya ƙi biyan kuɗi su za a kalla. A fom ɗin akwai tambaya ko an taɓa kama ka da laifi a kotu, ko an taɓa hukunta ka a wajen aiki, ko ka taɓa neman wata loj aka ƙi ka. Daga nan kwamitin loj ya zauna da kai. A Amurka abin ya fi haka zurfi, shugaban loj yakan naɗa mutum uku su bincike ka, sau da yawa har gida suke zuwa su zauna a falonka, kuma suna so matarka tana wurin, su tambaye ta ko ta san abin da mijinta ke shirin yi, ko ta yarda da daren da zai riƙa fita da kuɗin da zai riƙa kashewa. Wasu jihohin har binciken 'yan sanda suke haɗawa. In kana son ka gane shi da kyau ka tuna binciken aure a wajenmu, yadda dangin yarinya za su tura a tambayo unguwar saurayi da wajen sana'arsa da abokan zamansa ba tare da ya san wa aka tambaya ba. Abin da suke nema bai wuce wannan ba: yana da abin yi, yana riƙe gidansa, bakinsa ɗaya ne, kuma me ya kawo shi. Wanda ya ce ya zo ne don ya samu kwangila ko ƙarin girma a ofis ya kashe kansa da bakinsa, ko da kuwa rabin masu tambayar tasa da wannan tunanin suka shigo a zuciyarsu.

Toh sai ranar ƙuri'a, kuma ni a ganina nan ne ainihin ƙofar take, duk sauran abubuwan da ake ta ba mutane tsoro da su ado ne. Ana sa sunan mai nema da shekarunsa da sana'arsa da adireshinsa a takardar kiran taro da ake aika wa kowane mamba tun kafin ranar. In an zauna sai a kawo wani ɗan akwatin katako mai rufi, an yi shi yadda hannunka zai shige ciki ba wanda ya ga abin da ka yi. A Amurka akwai fararen ƙwallaye da baƙaƙe, wasu wuraren baƙaƙen masu kusurwa ne kamar ɗan ludo saboda tsoho mai raunin ido ya gane da taɓawa, fari na nufin na yarda baƙi na nufin ban yarda ba. Kowa ya taso ɗaya bayan ɗaya ya jefa, a kai wa shugaba akwatin ya buɗe ya leƙa. A dokar Ingila baƙi uku sun kayar da mutum, kuma an ba kowace loj dama ta rage zuwa biyu ko ɗaya a dokokinta na cikin gida. A yawancin jihohin Amurka baƙi ɗaya tal ya isa. In guda ɗaya aka gani akan sake zagaye na biyu ko wani ne ya yi kuskure, in ya sake fitowa bakin alƙalami ya bushe, mutum sai ya jira wata shida ko shekara kafin ya sake nema, ya danganta da inda yake.

Kuma haramun ne a wajensu ka faɗi abin da ka jefa ko ka tambayi wani abin da ya jefa, laifi ne da za a iya hukunta mamba a kai. Ka ga amfanin wannan a fili yake, ƙaramin mamba da ya san mai neman nan macuci ne zai iya tare shi ko da ɗan shugaba ne, ba tare da an tsangwame shi ba. Amma illar ma a fili take, mutum ɗaya mai ƙullin zuciya, wanda kuka taɓa saɓawa a kasuwa ko kawai launin fatarka bai masa ba, ya isa ya rufe maka ƙofa kuma har abada ba za ka san waye ba. Shi ya sa a Ingila suka fi son in akwai mai ƙorafi ya je ya raɗa wa shugaba ko sakatare tun da wuri, a ce wa mai gabatarwar ya janye sunan a hankali, kar a kai ga akwati a kunyata kowa, don baƙin ƙwallo in ya fito loj kan daɗe ba ta koma daidai ba, kowa na zargin kowa.

Baƙaƙen fatar Amurka sun ɗanɗana wannan sosai. A 1775 wani mutum mai suna Prince Hall da wasu baƙaƙe 14 suka shiga ta hannun wata loj ta sojojin Birtaniya a Boston saboda loj ɗin fararen garin ba su karɓe su ba, a 1784 Landan ta ba su takardar izinin loj tasu mai lamba 459, daga nan aka samu reshen baƙaƙe mai zaman kansa da har yau ake kira da sunansa. Sai a 1989 fa jihar Connecticut ta amince da su a hukumance har abin ya ɗore, yawancin sauran suka biyo baya a hankali, na kudu su ne ƙarshe. Ƙungiyar da ke wa'azin 'yan'uwantaka kenan. Wata ƙungiyar mai irin wannan tsarin, Elks, sai 1973 ta cire sharaɗin sai farar fata daga dokarta, mata kuma sai 1995.

Faransa tasu daban ce, kuma salon nasu ya bi su zuwa ƙasashen Afirka da suka mulka. Babbar ƙungiyarsu Grand Orient ta cire sharaɗin imani da Allah a 1877, abin da ya raba su da Ingila har yau. A can mutum uku ne za su gana da kai ɗaya-ɗaya, kowa ya rubuta rahotonsa, ka kawo takardar shaidar ba ka da laifi a kotu, sannan a kira ka loj a ɗaure maka ido da ƙyalle a zaunar da kai a tsakiya, mutanen da ba ka gani su yi ta jefo maka tambayoyi kan rayuwarka da ra'ayinka game da mutuwa da adalci da siyasa, su suna ganinka kai ba ka ganinsu, saboda in an ƙi ka ka fita ba ka san fuskar kowa ba. In ka tsallake, ranar shigarwa a fara kulle ka kai kaɗai a wani ɗan ɗaki mai baƙin fenti, kyandir ɗaya, ƙoƙon kan mutum a kan tebur, gishiri, farar wuta, agogon yashi, a ba ka takarda ka rubuta wasiyyarka ta tunani. Irin hoton wannan ɗakin ne yake yawo a Facebook ana cewa ga inda ake yanka mutane.

Daren shigarwa a Ingila kuwa ga yadda yake, kuma ba wani sirri nake tonawa ba, tun 1730 wani Samuel Prichard ya buga tsarin bikin a Landan aka yi ta saye. A wajen ƙofa akwai mai gadi riƙe da takobi, shi zai shirya ka. A karɓe duk wani ƙarfe da kuɗi da ke jikinka, agogo, zobe, makulli, a buɗe maka ƙirji ta hagu, a naɗe hannun riga na dama, a naɗe ƙafar wando ta hagu har gwiwa, a sa maka silifa a ƙafa ɗaya, a rataya maka igiya a wuya, a ɗaure ido. A ƙwanƙwasa ƙofa, na ciki ya ɗora maka tsinin wuƙa a ƙirji ya tambaya ko ka ji wani abu, ba yanka ba jini, taɓawa ce kawai. A riƙe hannunka a zagaya da kai ɗakin, a tambaye ka ga wa ka dogara in ka shiga tsanani, ka ce ga Allah. Sai ka durƙusa ka ɗora hannu a kan littafin addininka, Kirista Baibul, Musulmi Alƙur'ani, ka yi alƙawarin riƙe sirri. A da cikin rantsuwar akwai kalaman yanke maƙogwaro ga wanda ya tona, waɗanda suka jawo musu zagi ba kaɗan ba, a 1986 Ingila ta cire su daga cikin rantsuwar. Bayan nan a kwance ƙyallen ido, a koya maka wata irin musafaha da alama da kalma, waɗannan su ne sirrin da ake magana, a ɗaura maka farin walki na fatar ɗan rago.

Akwai wani wuri guda a bikin da ya fi burge ni ta fuskar dabara. Ana tsayar da sabon a kusurwar arewa maso gabas, inda magina ke aza tubalin farko, a miƙo masa faranti a ce me za ka bayar don 'yan'uwa mabuƙata, alhali su da kansu suka kwashe komai na aljihunsa a waje. Ya laluba ba komai, kunya ta kama shi a gaban mutane, sai a ce masa toh ka riƙe wannan a ranka duk ranar da wani ya zo maka hannu wofi. Daga nan a tafi teburin abinci, a zaunar da shi kusa da shugaba, a ɗaga kofi don girmama shi, ya tashi ya yi ɗan jawabin godiya, wasu loj ɗin har waƙar sabon shiga suke rerawa. Akwai giya a teburin, wanda ba ya sha a ba shi lemo. An hana maganar siyasa da addini a zaman. Matakin farko kenan na ɗan koyo, akwai na biyu da na uku, tsakaninsu watanni, sai ya haddace wasu tambayoyi da amsoshi kafin a ciyar da shi gaba, kuma yanzu sukan haɗa shi da wani tsohon hannu mai kula da shi.

Kar kuma ka ɗauka ina wanke su ne. Shan jini babu wata hujja a kai, amma zargin fifita juna a wajen aiki da kotu da 'yan sanda ba daga sama ya faɗo ba. A Italiya a 1981 aka bankaɗo loj ɗin P2 ta Licio Gelli da jerin sunaye 962, ciki da ministoci da janar-janar da shugabannin leƙen asiri, har gwamnati ta faɗi. A Ingila daga 1998 zuwa 2009 sai da aka riƙa sa sababbin alƙalai su bayyana ko su mambobi ne. A Gabon, Omar Bongo da ɗansa Ali duk sun shugabanci babbar loj ta ƙasar suna kan mulki, haka Sassou Nguesso a Kongo, kai ma ka san a irin wannan wurin ba kyawun hali kaɗai ke kai mutum bakin ƙofa ba. Nan yankinmu ma ba baƙon abu ba ne, Turawan mulkin mallaka sun kafa loj a Cape Coast ta Gana a 1859, a Legas kuma a 1868.

Sai maganar addini, wadda a wajenka na san ita ce gaba da komai. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta yanke a zamanta na 1978 cewa aƙidar ƙungiyar ta saɓa wa Musulunci, kuma ƙasashe irin su Masar a 1964 da Pakistan a 1972 sun haramta ta. Gaskiya ne a ƙarni na 19 manyan mutane irin su Amir Abdulƙadir na Aljeriya da Jamaluddin Afgani sun shiga, su 'yan ƙungiyar suna yawan kafa hujja da wannan, amma matsayin malamai na yanzu shi ne wancan. Cocin Katolika ma ta hana mabiyanta tun 1738 zamanin Fafaroma Clement na 12, ta sake jaddadawa a 1983 da 2023. Kuma in kana da niyyar komawa gida ka yi takara ko aikin gwamnati ka tuna tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 38, bai ba kowa 'yancin zama ɗan ƙungiyar asiri ba. Su Firimason suna musanta cewa su ƙungiyar asiri ce, amma abokin hamayyarka ba zai tsaya jin wannan bayanin ba.

Ta ɓangarensu kuma ƙofar tana ƙara faɗi ne saboda mutane sun ragu. A Amurka sun haura miliyan 4 a 1959, yanzu ba su kai miliyan ɗaya ba, har wasu jihohin suka ɓullo da shigar da ɗaruruwan mutane duka matakai uku a rana ɗaya, abin da tsofaffinsu ke ta gunaguni a kai suna cewa an zubar da tantancewa. Ingila ta buɗe shiri na musamman don ɗaliban jami'a tun 2005. Babbar matsalarsu yanzu ma ba shiga ba ce, zama ne, da yawa in sun gama mataki na uku suka ga abin haddace ne da taron kwamiti da cin abinci da tsofaffi sai su sulale. Fita kuwa wasiƙa ɗaya ce zuwa ga sakatare, in ma mutum ya yi shiru ya daina biyan kuɗin shekara, a dokar Ingila bashin ya kai shekara biyu sunansa ya fita daga rajista da kansa.